Ƙofar Adda

Duk wanda ya san Malam Iro ya san ba ya shiga ɗaki kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya rufe ido ɗaya, ya bi gefen ƙyauren da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya ce, "Ba ta zauna ba." Bayan haka ne zai yi sallama. Ko ranar da ya zo mana gaisuwar rasuwar mahaifinmu, sai da ya gyara asabarin zaure kafin ya ce Allah ya jiƙan tsoho.

Mijin yayata ne, Adda Hajjo. Mu Fulanin garin Boko ne ta wajen Kusada, shi kuwa Bahaushen Kankia, tsohon direban babbar mota mai kai gyaɗa Kano. Ina ce mashi Kaɗo, yana ce mani Sarkin Sanda, a haka muka yi furfura.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan, wani Bature mai sayen auduga ya daki kwalbati da 'yar motarsa a hanyar Katsina. Shi ya fita lafiya, da zai koma ƙasarsu ya bar wa Iro gawar motar. Ja ce, gajera, tsayinta bai wuce ƙugu ba, kujera biyu tak. Iro ya buɗe dangar gida ya turo ta har gindin bishiyar darbejiya. Adda ta tambaye shi abin da za a yi da wannan akwati. Ya ce duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa ɗaukarta ba sai a baya, bisa buhuna, to a wannan za ta shiga garinmu Boko a gaba, kusa da shi. Allah bai ba su haihuwa ba, kujera biyu ta ishe su.

"Ran da ƙofarki ta zauna, mu tahi," in ji shi.

Injin bai ba shi wahala ba, wannan sana'arsa ce. Jikin ne ya zame mashi ƙarfen ƙafa. Ya ɗauko guduma zai buge inda gaban ya lotsa, kamar yadda ake yi wa kowace mota. Bugu ɗaya, sai muka ji ƙas, tsaga ta tafi har wajen fitila. Ashe jikin ba ƙarfe ba ne. Wani irin zare ne mai ƙyalli aka daskarar da danƙo, in ka taɓa bakin tsagar hannunka ya wuni yana ƙaiƙayi. Ya kai ɓallin wurin maƙeri, maƙeri ya ce ba ruwansa da abin da ba ya jin wuta. Mai walda ya gwada, unguwa ta cika da wari.

Adda ce ta leƙo ta ce ita dai wannan ƙarar ta san ta, haka ƙwaryarta take yi in ta faɗi. Don ta ba shi haushi ta faɗa. Ran kasuwa sai ga Iro da wani tsohon gyartai mai ɗinkin ƙwarya, Ɗandikko, riƙe da basillarsa. Tsohon ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, sannan ya tambaya da gaskiyarsa:

"Ɗinkin hatsi za a yi mata, ko ɗinkin nono?"

Iro ya ce na nono, kada ta yi yoyo. Aka huda aka ɗinke, ɗinki mai kyau kuwa. Tun daga ranar sunanta Motar Ƙwarya, 'yan matan da ke kawo nono tasha sukan aiko a tambaye shi ko zai ba su aronta su dama fura.

Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, motoci sababbi suka cika hanyar Kano. Abokansa suka ce ya jefar da wannan tarkace ya sayi a-kori-kura. Ya je Kano, ya dawo da gwangwanin danƙon gaske da ƙyallen zaren, ya lulluɓe ɗinkin Ɗandikko bai warware ba, ya ce ba a tsinke aikin dattijo. Saura daidaita sassan jikin, kuma a nan shekaru suka tafi. Yakan yanka gwangwanin madara ƙanana-ƙanana ya cusa ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe ƙofa, ya ɗaure, ya ja baya ya rufe ido. In murfin inji ya zauna, ƙofa ta ɗaga. In ƙofa ta zauna, baya ya buɗe baki. Abin da ya daidaita da sanyin safe, rana na yin zafi sai ya goce. Ya ce motar nan Bafulatana ce, inda ka bar ta da hantsi ba nan za ka same ta da la'asar ba. Na ce ba laifinta ba ne, Kaɗo ne bai iya kiwo ba.

Daga baya ya gano cewa jikin yana ɗan lanƙwashewa in an zauna ciki, don haka dole a gwada ƙofar da nauyin mai ita. Adda ta ce ba ta zama a motar da ba ta tafiya. Ya zaunar da ni, ya ce na cika nauyi, sai in na yarda in daina cin tuwon dare. Ƙarshe ya auno gero a buhu ya jingina a kujerar. Wata rana na shigo na ji shi yana cewa da buhun, "Gyara zama kaɗan, Hajjo." Adda tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce ai buhun nan ya fi ta more aure.

Ƙofar direba ta daɗe da zama. Tata ce ya ƙi yarda da ita. Mu muna ganin ta yi, shi yana ganin sama ta fi ƙasa buɗewa da kaurin tsinke. Ya ce ba zai kai 'yar mutane garinsu a karkatacciyar ƙofa ba.

Ana cikin haka sai ciwon yana ya fara rufe idon Adda. Da farko zare ne ba ta iya sa wa allura, sannan ta koma gane mu da murya. Ba ta yi mashi ƙorafi ba. Wata safiya ina nan, yana durƙushe da sukudireba, ta fito da sabon kallabi da mayafinta na unguwa, ta tsaya a kansa.

"Malam, ni ƙofar ɗakina ma da ƙyar nike ganinta. Bishiyar ɗorawar ƙofar gidanmu nike son gani tun da sauran haske."

Sai ya sa sukudireba ya kwance ƙofarta gaba ɗaya, ya jingina ta da bishiya. Ya ja baya ya duba. Ya zagaya ɗaya gefen, ya kwance tasa, wadda ya sha wahalar shekaru a kanta, ya jingina ta kusa da 'yar'uwarta.

"To, yanzu sun yi daidai. Shiga."

Ya ɗaura mata rawaninsa a ƙugu ya haɗa da kujera don kada ta zame. Na bi su a babur. A hankali yake tafiya, har masu keke suna wuce mu suna gaisuwa, yana faɗa mata sunan kowace gona da suka wuce, ita kuma tana gyara mashi. Ana hango Boko injin ya yi tari ya mutu. Ya ce man Kankia ne bai saba da iskar Fulani ba. 'Yan'uwanmu suka kawo bijimai biyu aka ɗaura, a haka Motar Ƙwarya ta shiga gari, Iro riƙe da sitiyari yana danna oda, fuska a murtuke kamar mai jan gwamna. Adda ta yi dariya har ta share hawaye. Da muka isa ta sa aka tsaya, ta ɗaga kai ta ce tana ganin ɗorawar, ta ƙara girma.

Kafin damina ta kewayo idon ya rufe duka. Shi kuma bai sake taɓa ƙofofin ba.

Bara bayan girbi ya kwanta ciwo, bai jima ba ya cika. Motar tana nan gindin darbejiya, inda muka maido ta daga Boko. Kullum da hantsi Adda takan lalubi bango ta fito, ta zauna a kujerarta da carbinta. Ta ce da ya mai da ƙofar, da sai ta jira mai buɗe mata.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yalwata kabarinsa, ya yafe mashi kurakuransa. Allah ya ba Adda haƙuri, ya sada su a inda ido ba ya yana. Amin.