Sannu-Sannu da Akwatin da Ke Kuka Kafin Mota Ta Kama Wuta

Kafin masu shagunan layin su buɗe, shi ya riga ya share gaban rumfarsa, ya shimfiɗa buhu a kan teburi, ya jera filaya da sukudireba da mitar awon wuta da gwangwanin fiyus. Sai ya goge tabaransa da bakin riga, ya buɗe littafinsa ya rubuta kwanan wata. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Mai gyaran wutar mota ne. Mu direbobi Sannu-Sannu muke ce masa, don in ka kai masa mota kana sauri, ka sayo wa kanka hawan jini.

Ni ban taɓa shiga aji ba. Ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kar ta gyara min ko kalma ɗaya. Shekara arba'in da biyu na yi a kan sitiyari. Na kife sau biyu, birki ya tsinke min a gangara da fasinja goma sha takwas, na kai su gida ba wanda ya ƙuje. A tasha Baba Ƙi-Mutu ake kirana. Mutum irina ba ya cire wa kowa hula a banza. Yau na cire wa wannan bawan Allah, da yake idonsa ya yi rauni zai bar rumfar ya huta.

Ga wanda bai san mota ba, fiyus ɗan ƙaramin abu ne da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, don ya ceci sauran wayoyi. Mu kuwa a tasha, in ya ƙone ba ma neman dalili. Sai mu tsinko siririyar waya mu naɗe shi, mu mayar, mu ce mun yi gyara. Ni ne gwanin wannan naɗi, direbobi nawa na koya wa! Ran nan da rana tsaka bas ɗina ta kama wuta daga ƙarƙashin sitiyari. Na fitar da kowa, hannuna na hagu ya ƙone. A tasha na ce maƙiya ne suka sa min hannu, kowa ya yarda.

Da aka jawo motar rumfarsa, ya leƙa, ya zaro fiyus ɗin da wayata a jiki, ya matso kusa da kunnena.

"Baba, maƙiyin nan naka ya iya naɗi. Irin naka ne sak."

Daga ni sai shi muka ji wannan magana. Bai ƙara tayar da ita ba.

Ya san ba za mu daina ba, don haka bai ɓata bakinsa da wa'azi ba. Wata bakwai yana haɗa wani ɗan akwati, girmansa bai wuce na ashana ba. In waya ta fara zafi sai ya yi ta kuka, in ka yi kunnen ƙashi sai ya yanke wutar da kansa. A motata, bayan an gyara ta, ya sa na farko, ya karce kwanan wata da ƙusa a cikin murfin, ya kuma rubuta a littafinsa. Ku tambayi matar da ke tuƙa motar makarantar layinmu. Akwatin ya yi mata kuka a tsakiyar gada, ta tsaya, aka tarar wayar fitila ta fara narkewa. Direban motar asibiti ma yana da nasa labarin.

Ana nan sai wani dillalin kayan mota ya sayi ɗaya, ya sa aka kwaikwaya, ya nufi ofishin da ake rajistar ƙirƙira ya ce nasa ne. Da an ba shi takardar, da an hana Sannu-Sannu haɗa abinsa a rumfarsa. Shi kuwa cewa ya yi, "A bar shi, Allah ya sani."

Matarsa ta ce, "Allah ya sani, maigida, amma ofis bai sani ba. Tashi ka ɗauko littafinka."

Ofis ya nemi akwatin farko da shaida. Bas ɗin ta riga ta daina aiki, tana bayan gidana, kaji na ƙwai a cikinta. Muka kwanto akwatin, direbobin tasha suka raka mu har suka cika bencunan ofishin. Jami'ar ta duba murfin, ta duba littafin, kwanan wata ya zo ɗaya, shekara huɗu kafin takardar dillalin. Dillalin ya ce ai kowa ya iya karce ƙarfe da ƙusa. Sai ta juya ga mutuminmu.

"Malam, me ya sa ka fara haɗa shi? Wace mota, me ya same ta, wa ya gani?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ta maimaita, ya hau goge tabaransa da bakin riga. Nan na gane ya gwammace ya rasa aikin hannunsa da ya tona min asiri a gaban 'yan tasha. Na miƙe, na ɗaga hannuna mai tabo, na ce motata ce, ni na naɗe fiyus, ni na ƙona ta, shi ya gano.

Wani daga baya ya ce, "Baba, ina maƙiyan?"

Na ce, "Ga shi tsaye a gabanka, ɗan nema. Zauna!"

Ita kanta jami'ar sai da ta rufe baki da takarda saboda dariya. Ta tambayi dillalin dalilin da ya sa aka ninka jar wayar cikin akwatin biyu, ya hau kame-kame. Sannu-Sannu ya yi mata bayani har ta ce ya isa.

Takardar mallaka ta fito da sunansa. Yanzu sau uku sunan ya shiga wannan rajista: akwatin, da wanda ke hana mota tafiya in ƙofa a buɗe take, da na kare batir. Kowa na iya dubawa a wayarsa. Ɗiyata ta nuna min. Ban iya karantawa ba, amma na sa ta maimaita har sau biyar.

Sannu-Sannu, kai ne ka ga aibinmu ka rufe, ka je ka yi mana maganinsa. Kai ne direba ke zagi da safe saboda jinkiri, ya dawo da yamma yana sa maka albarka. Gwani na gwanaye, na gode. Fasinjojin da ba su san fuskarka ba, ni na gode maka a madadinsu. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka wa maiɗakinka da ta tashe ka da alheri.

Ku kuma masu sana'ar hannu, na san akwai irinsa da yawa a cikinku. In kun haɗa abu, ku rubuta ranar, ku kai ofis a sa sunanku. In an ce ku kawo shaida ku zo ku same ni, har yanzu ƙafata tana taka matakala.