Kuɗin da Na Ce Mama Ta Sace

Ni tela ce a Samaru. A lokacin da abin nan ya faru ina da keken ɗinki uku a shagona, na yi suna wajen ɗinkin anko, sannan ina da baki. Duk wanda ya san ni ya san ba a taka ni in yi shiru, kuma a wancan lokacin gani nake wannan abin alfahari ne. Na rubuto muku ne don in sauke nauyin da ke raina, saboda abin da bakin nan nawa ya kusa jawo wa wata baiwar Allah, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Akwai wata dattijuwa a layin 'yan yadi na kasuwar Sabon Gari, kowa Mama yake ce mata. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a nan aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi ta wasunmu. Ita Kirista ce, ni Musulma, wannan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Tun ina koyon ɗinki a wajenta nake sayen leshi da atamfa da zare. Da aka koma harkar kati sai ta sayi injin cirar kuɗi. To kun san halin sabis, sai ka yi awa guda a tsaye yana ƙi, ga masu kaya suna jirana a Samaru. Sai muka samo dabara. In ya ƙi, in bar mata katin, in faɗa mata lambar sirri, in kwashi kayana in tafi. In sabis ya dawo ta ciri kuɗinta, ta naɗe katin da rasit a takarda, ta ba wani direban bas da muka saba da shi ya miƙo min. Ba ni kaɗai ba, teloli da yawa haka suke yi da ita, kuma wannan yardar ita ce ke riƙe da shagonta.

Ana nan sai na ga tallar wata kasuwar intanet a wayata. Duwatsun ado, zif masu kyau, maɓallai, abubuwan da nake saye a wajen Mama, ga su nan da araha. Kwaɗayi ya ja ni. Ban tambayi kowa ba, don ba na so a ce ban waye ba, kuma ba na so maganar ta koma kunnen Mama a ce na fara saye a wani waje. Ni kaɗai na zauna na zaɓi kaya kala bakwai, na rubuta lambobin katina, na ga jimillar kuɗin a fuskar waya, na danna. Aka rubuto cewa an karɓi oda. Ni a tunanina shi ke nan, kuɗi sun fita ranar, magana ta ƙare. Kaya suka riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya, ina ta murna a ɓoye.

Ni ba mai bin saƙon banki ba ce, taruwa suke yi a waya. Wata rana bayan kusan mako uku ina neman wani saƙo daban, sai idona ya faɗa kan wani cire kuɗi da ban gane ba. Sunan da ke jiki ban taɓa jin sa ba, kuɗin kuma har da kwabbai a ƙarshe. Na ja sama, ga wani. Na ƙara ja, ga wani. Guda bakwai, ranaku daban daban, kuma babu ko ɗaya da ya yi daidai da wani abin da na tuna na saya. Da na duba da kyau sai na ga biyu daga ciki sun faɗo a ranakun da katina yake shagon Mama. Wallahi ko na minti ɗaya kasuwar intanet ba ta zo min a rai ba, ai na riga na biya wannan tuntuni. Zuciyata ta hau. Na ce wato shekara da shekaru matar nan tana yi min dariya, ashe ta kwafe lambobina tana tsakura kaɗan kaɗan don kada in lura.

Ko mayafi ban gyara da kyau ba na tari bas. Tun daga Samaru har muka wuce Kwangila ina shirya abin da zan faɗa. Na same ta tana auna wa wata mata leshi. Ban yi mata sallama ba, ban gaishe ta ba, na tsaya a tsakiyar layi na ɗaga waya na fara. Ta ajiye almakashi ta ce in shigo ciki mu duba tare. Na ce ba inda zan shiga, a nan zan faɗa kowa ya ji. Ta sake cewa in shigo, na ƙi. Ta ce ita abin da ke kan rasit kawai take cira, kuma duk rasitan suna hannuna. Ni kuwa na kira ta ɓarauniya, matar da ta isa ta haife ni, a gaban maƙwabtanta da masu sayayya da masu dako. Ta zauna a kan kujerarta tana kallona.

Daga nan ban tsaya ba, na wuce wajen shugaban layi na kai ƙara. Ya ce a ƙa'idarsu duk wanda aka kama da cutar mai saye ta hanyar kati, rufe masa shago ake yi a sanar da sunansa, don haka ba za su yanke hukunci da saƙon waya ba. In kawo takarda daga banki, a zauna ranar Alhamis. Kafin Alhamis ɗin magana ta zaga ko'ina, kuma ni na taya ta zagawa. Teloli suka je suka karɓe katunansu, wasu suka koma saye a shagon da ke gabanta. Da labari ya iso min, Allah Ya yafe min, daɗi na ji.

Ranar Laraba na je banki. Bayan dogon layi aka tura ni wajen wata ma'aikaciya, mace mai natsuwa, za ta yi sa'ata. Tana buga takardar ina ba ta labari da ƙarfi, har na bayana suna ji. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta jawo min kujera, ta shimfiɗa takardar ta ɗauki biro. Ta nuna min cewa duk kuɗin da aka cira da injin Mama ga su nan da alamarsu, kuma sun yi daidai da rasitan da na zo da su. Waɗannan bakwai kuwa ta ce ba inji ne ya cire su ba, ta intanet suka fita. Ta tambaye ni ko na taɓa sayen kaya a waya. Na ce sau ɗaya ne, kuma na biya tun ranar. Sai ta miƙo min biron ta ce to in nuna mata wannan babban biyan a takardar. Na bi layi layi, na koma farko na sake bi. Babu shi.

Ta sa na buɗe manhajar kasuwar, muka shiga wajen da ake jera abin da mutum ya saya, wajen da ni ban ma san da shi ba. A nan ta yi min bayani kamar ana koya wa yaro karatu. Wai irin wannan kasuwa rumfuna ne da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kayana bakwai daga mutum bakwai suka fito, kuma kowanne sai ranar da ya tura kayansa ake cire kuɗinsa, haɗe da na kawowa. Sunan da na gani kuma na kamfanin da ke karɓar musu kuɗi ne, shi ya sa bai yi kama da sunan kasuwar ba. Muka riƙa haɗawa ɗaya bayan ɗaya, na zif ga shi, na duwatsu ga shi, har kwabban suka zo daidai. Ta ɗago ta ce, "Hajiya, babu wanda ya taɓa miki kuɗi. Ke kika yi sayayyarki."

Na zuba wa takardar ido. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, tunda gaskiya na zo faɗa. Abin da ya fara zuwa min a rai ba Mama ba ce, kaina ne. Na fara ƙulla yadda zan aika wa shugaban layi in ce na janye, na bar wa Allah, kowa ya ce kai, matar nan akwai haƙuri. Da na yi haka, da Mama ta mutu da sunan ɓarauniyar da aka yafe wa. Ban san ko a fuskata ma'aikaciyar ta gani ba. Ta ja layi a ƙarƙashin guda bakwai ɗin, ta rubuta sunan kayan a gefen kowanne da hannunta, ta ce in kai takardar duk inda na kai maganar. Ta ƙara da cewa in canza lambar sirrina yau, in daina bar wa kowa kati, ba don matar ba ta da amana ba, sai don irin wannan sabon shi ke jefa mai amana cikin zargi.

Ranar Alhamis na je. Layi ya cika, mutane sun zo ganin yadda za a rufe shago. Na miƙa takardar, na faɗi komai, har da cewa a ɓoye na yi sayayyar don kada Mama ta sani. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki, kuma na cancanci duka biyun. Na durƙusa a gabanta na ce ta yafe min don Allah. Ta dube ni ta ce, "'Yata, da kin shigo ciki lokacin da na ce ki shigo, da ni da ke ne kawai za mu san wannan." Shugaba ya ce sai an ci ni tara. Ita ce ta hana. Ta ce ba ta son ko sisi, in dai bi layin nan shago shago in faɗa da bakina. Na bi. Na koma Samaru na bi teloli su ma.

Ina gode wa Allah da Ya haɗa ni da mata biyun nan. Ma'aikaciyar bankin tana iya miƙo min takarda ta ce na gaba, da na je na rufe wa mutum shago da hannuna. Mama kuma tana iya kai ni ƙara a kan ɓata suna, kuma da ta yi nasara. Har yau a wajenta nake saye, tana tambayata yara, tana zaɓo min leshi mai kyau ta ajiye, ba ta taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Kati ne dai ba ta ƙara yarda an bar mata ba.

Don haka 'yan'uwana, in kun ga cire kuɗi da sunan da ba ku sani ba, kada ku fara da tunanin wa ya riƙe katinku. Ku fara da abin da kuka saya a waya, ko da ya daɗe, ku duba jerin odarku, ku je banki a warware muku kafin ku buɗe baki a kan wani. Mafi yawan masu saye sun dawo wa Mama, amma ba duka ba. Har gobe akwai mutanen da suke kasuwa ranar da na kira ta ɓarauniya, ba sa nan ranar da na durƙusa, kuma ban san inda zan same su in faɗa musu ba.