Ƙafar Hagu

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a rayuwata in warware shi, ba shagon da na bari ya mutu zan zaɓa ba, ba kuma shekarun da na yi ban leƙa gida ba. Amsa ce da na ba wani direban taksi a bencin mai shayi, wata Alhamis bayan la'asar, a Libreville. Ya tambaye ni wace ƙafa ce, ni kuma na gaya masa.

Ɗori gadona ne. Mahaifina maɗori ne a ƙauyenmu da ke kusa da Kano, shi ma a hannun nasa mahaifin ya karɓa. Ranar da ya yarda in fara taɓa mutane ni kaɗai, abu biyu ya ce mini. Kada in yanka wa kowa farashi, abin da aka ba ni in karɓa. Sannan duk wanda ya kwance jikinsa ya nuna mini inda ke masa ciwo, maganar ta tsaya tsakanina da shi. Na farkon na riƙe shi har yau.

Ba ɗori ya kawo ni Gabon ba. Na zo ne lokacin da man fetur ya buɗe wa ƙasar, ko'ina ka duba bene ake ɗagawa, lebura ma yana shiga taksi shi kaɗai ya biya kuɗin kujerun duka. Na kama ɗan shago a unguwar Alibandeng, ina sayar da burodi da sardin da sabulu da madarar gwangwani da kananzir. Wata rana wani magini ya faɗo daga kan katako kusa da ni, na gyara masa kafaɗa, shi ke nan labari ya bazu. Babu karan dawa a garin, sai na koma tsaga tukurwa ina ɗaure karaya da ita. Man kaɗanya kuwa masu zuwa daga gida suke taho mini da shi.

A cikin masu zuwa wurina har da 'yan ƙwallon kwando na wasu makarantu biyu da ke hamayya da juna. Ɗaya ta 'ya'yan manya ce, yawancinsu daga unguwar masu kuɗi ta Batterie IV ake kawo su a mota. Ɗayar kuma ta 'ya'yan talakawa, daga wata unguwa a garin da ake kira London da unguwannin da ke kewaye. A kan siminti suke wasa, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa a garin, don haka targaɗe ba ya yankewa. Duk ƙungiyoyin biyu na san idon sawunsu da gwiwoyinsu fiye da yadda na san fuskokinsu.

Akwai wani saurayi a ƙungiyar talakawan, ɗan ƙasar ne, dogo ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga shagona. Uwarsa tana sayar da busasshen kifi a London. Papa yake kirana. A tsaye yake cin burodi da sardin, yana tambayata sunayen abubuwa da Hausa. Abin da ya riƙe kawai shi ne “sannu da aiki”, kuma ko barci ya tarar ina yi a kan buhu, da ita zai tashe ni.

Kusa da inda 'yan taksi ke tsayawa akwai teburin wani mai shayi, nan mutanenmu ke taruwa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. A nan ake caca a kan wasan yaran. Babu ofis, babu takarda, mai shayin ne ke riƙe abin da kowa ya zuba. Da yake ƙungiyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba, sai a tsayar da rata: a ce masu ƙarfin sai sun ci da tazarar maki kaza kafin a ce wanda ya bi su ya ci. A kan ratar nan ake yini ana musu. Mutanen da ba su taɓa riƙe ƙwallon ba sun san wanda ya fi jefawa daga nesa, da wanda hannunsa ke rawa in an ba shi jifa bayan an yi masa keta, da wanda ke gajiya bayan hutun rabin lokaci. Wani zai lissafo maka yadda wasannin bara suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye shi ajin da ɗansa yake, sai ya yi tunani.

Ni ban taɓa zuba ko sisi ba. In aka ce in shiga, sai in ce Allah ya tsare ni da caca. A ƙarshen benci nake zama in sha shayina.

Wata rana suna musu a kan wani gajeren ɗan wasa mai gudu, sai bakina ya suɓuce na ce wannan ba zai yi gudu ranar Asabar ba, gwiwarsa a kumbure take. Ranar Asabar kuwa bai yi gudun ba. Daga nan wurin zamana ya koma tsakiyar benci. In na iso, sai a matsa. Mai shayi ya riƙa cika mini madara, in na miƙa kuɗi ya ture hannuna. Suka laƙaba mini Sarkin Ɗori. A garin da ɗan sanda ke tsayar da kai ya nemi takardar zama, ya kira ka da sunan ƙabilarka kamar ba ka da naka, yana da daɗi ka buɗe baki mutane su yi shiru. Na riƙa gaya wa kaina cewa ni ba ɗan caca ba ne, hira kawai nake yi.

Babban wasan shekarar ya matso, tsakanin makarantun nan biyu. An ce masu zaɓar 'yan wasan ƙasa za su zo kallo, kuma wanda suka ɗauka har waje ake tura shi karatu. Kowa ya san dogon nan za su zo gani.

Ranar Laraba da rana ya shigo shagona yana taka ƙafa a hankali. Ya ja labule da kansa, ya cire takalmi. Idon sawunsa na hagu ya tasa. Na lalubi ƙashin, lafiya yake, jijiya ce ta gurɗe. Na murza da man kaɗanya, na yi tofi, na naɗe. Na ce ya huta mako biyu.

Ya yi dariya. “Papa, Asabar fa.”

Na ce to ya sa safa mai kauri ya rufe ɗaurin, in ya yi tsalle ya riƙa sauka a kan ta dama.

Ya ce ko kocinsu bai sani ba, in ya sani a benci zai ajiye shi. Ko uwarsa bai gaya wa ba. Ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce, “Kada kowa ya ji, Papa.” Na ce babu mai ji.

Washegari na je shan shayi. Ana ta musun rata, kusan kowa ya bi ƙungiyar dogon. Akwai wani direba ɗan Nijar, mai fara'a, mai son tsokana, shi ne ke kai wasu daga cikin yaran Batterie IV makaranta kowace safiya, iyayensu na biyansa duk wata. Shi kaɗai ya bi 'ya'yan manyan, ana ta yi masa dariya.

“Sarkin Ɗori, yau ka yi shiru,” in ji shi. “Ko madarar ce ba ta ji ba? Kai, ƙara wa Sarki madara.”

Na ce ba ni da abin faɗa.

“Ƙarya ne, Malam. Jiya na ga raƙumin nan ya shiga shagonka, har da jan labule. Sardin ake ci a ɓoye yanzu?”

Aka kwashe da dariya. Mai shayi ya ce, “Ku ƙyale shi, iliminsa ya ƙare. Da ma sa'a ce ya yi ta yi.”

Wannan maganar ce ta shige ni. Na kurɓi shayi na ce, in ni ne su, ba zan ba da rata mai yawa haka ba. Wasu suka tashi suka kewaye mai shayi suna son sauya abin da suka zuba, hayaniya ta kaure. Direban bai tashi ba. Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya rage murya.

“Wace ƙafa ce?”

Na daɗe ina juya wannan wurin. Wanda ke caca, abin da yake buƙata ya sani shi ne yaro ba shi da lafiya, kuma na riga na faɗa. Sanin wace ƙafa ce amfaninsa ɗaya ne tak. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Ban tsorata ba, bai yi mini alkawarin komai ba. Na ce, “Hagu.” Sannan na shanye shayina na koma shago na auna wa wata mata kananzir.

Ranar Asabar na je filin. An yi ruwa da safe, simintin bai gama bushewa ba. Ga masu zaɓar 'yan wasan, mutum uku, a kan kujeru a gefe, an riƙe musu lema. Dogon ya sa safa mai kauri kamar yadda na ce. Ya hango ni cikin jama'a ya ɗaga hannu ya ƙwala, “Sannu da aiki!” Mutanenmu suka yi dariya.

Ya fara wasa da kyau. Akwai wani ƙaƙƙarfan yaro a ɗaya ɓangaren, ina yawan ganinsa a gaban motar direban nan, shi aka sa ya tsare shi. Na lura kullum ta hagunsa yake tsayawa. Ya taka shi sau ɗaya, alƙali bai gani ba. Ya sake, aka busa usur, ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri. Bayan hutun rabin lokaci dogon ya yi tsalle ƙarƙashin kwando, yaron ya zura ƙafarsa daidai inda zai sauka.

Na san wannan ƙarar. Tun ina yaro nake jin irinta a zauren mahaifina. Mutane suka ruga cikin fili, ni ina tsaye inda nake. Abin da na tuna shi ne wata mai sayar da gyaɗa da ke gefena, tana ta tattara ƙullin gyaɗarta kada a tattake. Mutanen nan uku suka jira aka ɗauke shi, suka kalli sauran wasan, suka tafi.

Na zaci asibiti za su kai shi. Kafin magariba sai ga uwarsa da wasu samari sun sauke shi a ƙofar shagona. Ta ce shi ya ƙi asibiti, ya ce a kai shi wurin Papa.

Na shimfiɗa tabarma. Ƙashi biyu ne suka karye sama da idon sawu. Na sa samarin suka danne shi, na ja, na daidaita, na jera tukurwa na ɗaure. Na yi ta jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Ɗorin ya yi kyau, yana cikin mafi kyau da na taɓa yi. Da zafin ya lafa, sai ya ce mini, “Laifina ne, Papa. Ka ce in huta.” Na ce ya yi shiru kada ya motsa ƙafar.

Ƙashin ya haɗe. Ya yi tafiya, har da ɗan gudu, amma tsalle ya ƙare. Bai gama makarantar ba. Daga baya ya sami aikin gadi a wani kantin Turawa, saboda tsayinsa.

Direban ya aiko mini da shadda mai tsada a cikin leda. Ban mayar ba, ban ɗinka ba. Tana ƙasan akwati har asu ya cinye ta. Ban daina zuwa benci nan da nan ba, na ci gaba da zama a tsakiya ana cika mini madara, sai dai in an tambaye ni in ce ban sani ba. A hankali aka daina matsa mini, na koma ƙarshen benci, daga nan na daina zuwa. Babu wanda ya taɓa tayar da maganar. Direban ya koma ƙasarsu lokacin da kuɗin man fetur suka ja baya.

Uwar yaron kuwa ba ta manta da ni ba. Ta gano lokacin da muke azumi, duk shekara sai ta aiko shi da busasshen kifi a naɗe cikin ganye. Ya sunkuya ya shigo, ya ajiye a kan kanta, ya ce sannu da aiki. In tambaye shi ƙafa, ya ce sai in an yi sanyin ruwa take damunsa. Ina karɓar kifin, domin mahaifina ya ce abin da aka ba ni in karɓa. Matata tana yin miya da shi, ina ci. Haka muka yi har tsohuwar ta rasu. Sau da yawa na shirya maganar a bakina, in ya shigo sai in tambaye shi aiki. Yanzu shi ma ya rasu, ciwon da ba ruwansa da ƙafa.

Ɗana ya nemi in koya masa ɗori, na ce ya riƙe kasuwancinsa. Ya ɗauka rowa ce. A gidanmu abin ya tsaya a kaina.

Yau ina ganin jikokina da waya a hannu, suna duba wanda ya fi cin maki da wanda ya ji ciwo a ƙungiyoyin ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba. Ba na yi musu wa'azi a kan caca, malamai suna yi, kuma ni da ban taɓa zuba sisi ba na fi masu zubawar ɓarna. Roƙona ƙarami ne. In wani ya ja labule ya nuna muku inda ke masa ciwo, ku bar shi a nan. In kuna zaune cikin mutane aka matso aka tambaye ku wace ƙafa ce, ku ajiye kofin ku tashi.