Waken da Tsutsa Ta Ƙi Ci

Gidanmu na gado yana wani ƙauye bayan Dayi, kuma duk abin da za a shuka a gidan, a ɗakin Gwaggo yake yin rani. Yayar mahaifinmu ce, ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Tana da wani baƙin tulu a ƙarshen gadonta, cike da farin wake mai yaɗo da ta gada wajen uwarta. Duk kaka takan cika shi, ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta yaɓe bakin da laka. Idan ruwa ya sauka, mata kan zo roƙon iri daga ƙauyukan kewaye, wasu har daga Tsiga, kuma ba ta taɓa hana kowa ba. Sai ta cika tafi biyu ta zuba a haɓar zanen mace, ta ce, "Na uwata ne, ba a taɓa gauraya shi da komai ba." Ba ta da gona babba, ba ta da 'ya'ya, wannan waken da wannan maganar su ne abin da take taƙama da shi.

Ni a lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Funtua, ga zafin kai ga baki. Na gaji da ganin tsutsa tana lalata furen wake kowace shekara, Baba yana goye da tankin feshi har kafaɗarsa ta saɓule, ya dawo gida yana tari. Da na samu sabon irin da aka ce tsutsa ba ta iya ci, ban yi shawara da kowa ba, na shuka shi a ɗan fegina na bakin rafi. Ya yi kyau har na fara jin tsoro. Gonakin maƙwabta duk fure ya zube, nawa kuwa ko huji ɗaya ban gani ba. Idan ka ɗaga ganye sai ka tarar da 'yan tsutsotsi a sandare.

Wata rana da hantsi na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana yi wa rigar noman Baba faci, tana kai allurar dab da idonta, don yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malamin boko, me aka sa wa wakenka?"

Na gyara zama, domin dama jira nake a tambaye ni. Na ce mata a cikin kowane abu mai rai akwai wani dogon zare da ido ba ya gani, ana kiransa DNA, a jikinsa aka rubuta yadda abin zai kasance. Akwai wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasa da ke yin wani sinadari mai fasa cikin tsutsa, amma ba ya yi wa mutum komai. Masana sai suka nemo guntun zaren da ke ɗauke da wannan umarni, suka yanke shi da wani sinadarin da ke aiki kamar almakashi, wanda ba ya yanka sai a wuri ɗaya da ya sani. Da shi kuma suka yanka wani ɗan zoben zare, don bakunan su dace da juna, suka dasa guntun a ciki, wani sinadarin ya liƙe. Zoben suka ba wata bakteriyar, wadda ɗabi'arta ce cusa zarenta a jikin tsiro. Ita ta kai saƙon cikin wake. Gutsattsarin waken da suka karɓi saƙon aka raine su a kwalba har suka yi saiwa.

"Faci ke nan," in ji ta.

"Faci ne, Gwaggo."

"Idan ba a so, ana farke shi?"

Na ce a'a. 'Ya'yansa da jikokinsa duk da shi za su fito. Ta ciji zare ta tsinke, ta ce, "To ka ci abinka lafiya, ɗan nan. Amma kada ya kusanci tuluna." Raina ya ɓaci, na ce mata wannan tsoron ne ya sa muke noma wa tsutsa abinci. Ta ninke rigar ta ajiye.

A gidanmu, duk buhun da aka ɗaure bakinsa da jan ƙyalle iri ne, ba mai dafawa ko da yunwa za ta kashe shi. Da na gama roro, na ware mudu kaɗan don baɗi, na ɗaure da jan ƙyalle, na jingine a rumbu, na hau mota na koma Funtua. Na tuna cewa jan ƙyalle yana hana tukunya. Na manta sauran dokar, wadda na sani tun ina yaro: duk abin da aka ɗaure da jan ƙyalle, ɗakin Gwaggo ake kai shi.

Ban koma gida ba sai bayan damina ta kankama. Na shiga rumbu, na ga buhuna a naɗe, babu komai ciki. Na leƙa ɗakinta, tulu a buɗe, saura kaɗan a gindi. Tana fara'a ta ce ai bara tsutsa ta kusa gamawa da nata, ko kwatan tulu ba ta samu ba, sai ga buhun da Baba ya tsinto daga gonar nesa ya cika mata. Baba bai tsinto komai ba, buhuna ne aka kai mata, ta ɗauka nata irin ne. Ta riga ta raba wa mata sun fi a ƙirga, kowacce da maganar uwarta. Na buɗe baki, sai na ce mata Allah ya sa albarka. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan ranar.

Na ce wa kaina ai gona za ta tona, mutane za su zo da ƙorafi, a gane. Ba wanda ya zo da ƙorafi. Godiya suka riƙa kawowa. Wata ta aiko da ƙwai, wata ta ce wa Gwaggo hannunta na da albarka, bana wakenta ya miƙe tsaye, ya nuna da wuri, tsutsa ta ƙi shi. Duk wadda ta yi sallama a ƙofar ɗakin, sai in ɗauka asirina ta zo tonawa. Waken Gwaggo na gaskiya yana nan jefi-jefi a ƙasa yana yaɗo, bai ma gama fure ba, kuma tsutsar da ta rasa abinci a sama duk ta koma kansa.

Ranar zaɓen iri ta sa na raka ta gona, don in riƙe mata ƙwarya. Yadda uwarta ta koya mata, kuma yadda ta koya wa duk matan yankin, iri daga kwanson da ya fara bushewa ake ɗauka, mai santsi, marar huji. Tana tafe tana laluba da yatsu, tana tsinko masu kyau tana jefawa a ƙwarya. Duk nawa ne. Idan hannunta ya faɗa kan mai huji sai ta yi tsaki ta wuce. Na san a wannan makon haka ake yi a kowace gonar da ta ba iri.

A kunya ta uku na ajiye ƙwaryar na faɗa mata gaskiyar buhun. Ban yi wani dogon bayani ba wannan karon. Ta ce, "Wanne ne nawa?"

Na kama hannunta na kai shi ƙasa, kan masu yaɗo, waɗanda tsutsa ta yi wa kaca-kaca.

Mako uku ta yi tana zuwa gonar ita kaɗai, tana rarrafe cikin kunyoyi tana jiran su bushe. Ta hana Baba yanke harawa. Abin da ta ɓare a ƙarshe, bayan ta zubar da ruɓaɓɓu, bai cika tafinta ɗaya ba. Ta kira ni ɗakinta, ta buɗe hannun a gabana.

"Kai da ka yi karatu, duba. Wannan nawa ne zalla?"

Na so in ce e. Amma gefe da gefe suka yi fure, kuma ko da yake wake yakan yi barbara da kansa, ƙudan zuma kan ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan wani lokaci. Ido ba zai gane ba, sai an kai ɗakin gwaji an niƙa ƙwayoyin an duba, wanda aka niƙa kuma ba ya tsirowa.

"Ban sani ba, Gwaggo," na ce.

Ta rufe hannunta. Da ruwa ya sake sauka, mata suka zo da zannuwansu kamar kullum. Ina zaure ina jinta tana ce wa ta farko, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, bana ba ni da iri."