Injin Ruwan Alwala da Ba Shi da Lamba

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana gyaran wuta a wani kamfanin fata a Challawa. A shekararsa ta ƙarshe aka kawo kwamfuta, wai ita za ta riƙa kunna injuna tana kashewa. Amma sai an gabatar mata da kowane inji: lambarsa, ɗakin da yake, ginin da ɗakin yake, da inda yake samun wuta. Shi aka ɗora wa aikin. Ran Lahadi bayan la'asar yakan baza takardu a tabarma, yana faɗa ina rubutawa, don rubutuna ya fi nasa kyau.

"Fankar nan ta ɗakin rini ce, ɗakin rini yana ƙarƙashin gini na biyu. Rubuta, sakatariyata."

Akwai ƙaramin injin ruwa guda da ya ce in tsallake. Shi ya haɗa shi tun da daɗewa, yana tura ruwa bayan sito inda ma'aikata ke alwala, kuma bai nemi izinin kowa ba. Ya ce sai ya sanar da manaja tukuna, sannan mu ba shi lamba. Zazzaɓin kwana huɗu ya riga shi.

Ina cikin takaba wani injiniyan kamfanin ya zo gaisuwa. Daga bayan labule ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Akwai waya ɗaya da ke jan wuta, ta bi ƙarƙashin siminti, ba ta da lamba, ba ta ƙarƙashin kowane ɗaki. Irin wannan yanke ta ake yi. Ko Malam ya taɓa ambata muku?"

Na sani sarai, wayar injin ruwan alwalar ce. Amma na ji tsoron a ce ya taɓa kayan kamfani ba izini, a riƙa yi da shi yana kwance a kabari. Na ce, "Ban sani ba, Injiniya."

Aka yanke. Maƙwabciyata, wadda mijinta ke aiki can, ta ce da ma'aikata suka koka, cewa aka yi abin da babu a kwamfuta ba za a ba shi wuta ba. Yanzu sai sun fita bakin titi da butoci, wasu har a koma aiki ba su samu jam'in azahar ba.

Na yi istigifari ba adadi. Sau biyu ina yafa mayafi zan je kamfanin, ina isa bakin ƙofarmu in dawo. Ruwan nan, da yanzu ladansa yana can yana bin bawan Allah har kabari, ni na datse shi da bakina.