Takalma Layi Biyu

Takalman ne suka fara ɗaukar idona. Na hauro soron gidanmu na Anbariyya bayan sallar isha'i, sai na tarar Kaka ta jera takalman gidan kaf a layi biyu. Na Ummi da na ƙannena biyu a hagu. Na Abba da nawa, 'yan jajayen nan da nake ji da su, a dama. Washegari za mu tafi Makka umara, a motar Abba da kuma wanet, wato a-kori-kura, ta kawuna mai aiki a gonakin dabino na Awali, kowane layi da motarsa.

"Lesh ya Sitti?" na tambaye ta. "Ni wajen Ummi zan zauna."

"Ki yi min Hausa, 'yar nema, ni ba Balarabiya ba ce," in ji ta. "Zauna ki ji dalili."

Sanyin Madina na ratsa ƙashi a daren. Muka kewaye kaskon gawayi, butar shayi na huci a gefe. Maƙwabciyarmu ta miƙo goro, Kaka ta kau da kai kamar kullum. Duk tsofaffin unguwar ita kaɗai ce ba ta ci. Ta gyara mayafi ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri." Muka ce tatsuniya ta shigo.

Wai a hanyar gabas da mahajjata ke bi da ƙafa, akwai wani ɗan gari a tsakiyar fili, ciyawa iya ganinka, sai kogi ya ratsa ta gefensa. Nan ne iyaka: wannan gaɓa ƙasa ɗaya, waccan wata. Baƙo in ya sauka, 'yan garin sai sun zaga da shi ya ga tsohon barikin Turawa, da igwa mai tsatsa da ke kallon ruwa, da kukar nan mai kogo da matafiya ke kwana a ciki. Daga ƙarshe su kai shi bakin mashigi, su nuna masa duwatsu biyu farare, su yi shiru.

Masu fito na garin suna da doka: ba a zuba gida ɗaya a kwalekwale ɗaya. Miji daban, mata daban, a raba musu 'ya'ya.

Sai ga Isiyaku da matarsa Zulai, da 'yarsu ƙarama. Kaka ta ce tun daga gida ba su taɓa cin abinci a kwano biyu ba. In ƙaya ta soke shi, ita ke ɗingishi. Sarkin ruwa ya ce su rabu. Zulai ta dubi ruwan, ja kamar an yanka rago a ciki, ta riƙe rigar mijinta ta ce ita ƙafarta ƙafarsa. Sai suka yi dabara. Suka damƙa 'yar a hannun wata mai sayar da goro a kwalekwalen farko, suka ce ai ga shi gida ya rabu.

"Yarinyar ta haye lafiya," in ji Kaka, ta rage murya. "Tana tsaye a gaɓa tana ɗaga musu hannu. Suna tsakiya, ruwan ya kumbura. Dorina ce. Bakinta kamar ƙofar ɗakin nan. Kwalekwalen ya tashi sama, ya kife. Ba a ga ko ɗankwali ba. Mai goron ta ɓantaro goro ta tura wa yarinyar a baki don ta daina ihu."

Gawayin ya yi ƙara, na zabura na ƙanƙame ƙanwata. Ranar Kaka ba ta rufe tatsuniya da komai ba. Tashi kawai ta yi.

Ban runtsa ba. Da asuba na kama abayar Ummi ina kuka, Abba ya ce wa Kaka, "Khalas, ya isa haka, Hajja, bar ta mana, hanya ce kawai." Kaka ta ce in an canza rabon da ta yi, ita ba inda za ta. Haka na shiga gefen Abba. Tsohuwar hanyar Badar siririya ce, manyan motoci na wucewa kamar za su haɗiye mu. Idona bai bar wanet ɗin su Ummi da ke gabanmu ba. Duk kwanar da ya ɓace bayan dutse sai numfashina ya tsaya, in ga ja kamar ruwan kogin nan, sai ya sake ɓullowa in saki ajiyar zuciya. Muka isa lafiya, amma na daɗe ina jin haushin Kaka.

Da na zama budurwa, Isiyaku da Zulai suka koma min abin sha'awa. Nakan kwanta ina tunanin hannuwansu a sarƙe a ƙarƙashin ruwa, ina fatan Allah ya ba ni mai so na haka. Ko sau ɗaya ban tuna da wadda aka bari a gaɓa ba.

Sai shekaru bayan haka, ina goyon 'yata ta fari, Kaka na kwance ba lafiya a gidan Abba na Aziziyya. Wata baƙuwa daga Kano ta kawo mata tsarabar goro. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, a hankali, "Har yau ina jin ɗacinsa."

Nan na gane. Ba tsoron mutuwa ya sa ta jera takalman nan ba, ta fi kowa sanin ajali ba ya duba mota. So take, in abin ya zo, kowane yaro ya waiwaya ya ga uwa ko uba a kusa da shi.

Ta rasu a sanyin shekarar, aka kai ta Baƙi'a, nesa da kowane kogi. Ni kuwa har yanzu, in za mu yi doguwar tafiya, mijina kan yi dariya idan ya fito ya tarar da takalma a ƙofa, layi biyu. Ya yi dariyarsa, sannan ya duba inda nasa suke.