Sunan Kaporal Garwashi

Akwai ranar da na so in manta, ta ƙi mantuwa. Wata Talata ce bayan girbi, shekarar 2006, a kotun Ƙonni. Ina faɗa muku ne, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, don kada ku yi irin tawa.

Ni sarjan ne mai ritaya. Ban yi lakwal ba, wato boko, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Da na ajiye kaki, sai ƙungiyarmu ta tsofaffin soji ta ba ni aikin rakiya. Idan soja ya mutu, ni ke bin matarsa buro-buro, daga wannan ofis zuwa wancan, har rabonta na fansho ya fito. Abu na farko da ake nema shi ne takardar aure. Mu kuwa yawancinmu a ƙofar gida aka ɗaura mana, da goro da fatiha, ba wanda ya taka meri, ofishin magajin gari, inda ake rubuta aure. In babu takardar, sai a je gaban alƙali da shaidu biyu da suka ga auren da idonsu. In ya gamsu, ya ba da wata takarda a madadinta, wadda muke kira jijima. In bai gamsu ba, matar ta koma gida hannu biyu.

Wanda ya mutu a damanar nan ba baƙo ba ne a wurina. Kaporal Garwashi, mutumin Dogarawa. Kaporal yana ƙasa da sarjan da mataki ɗaya, amma ni da shi ba mu san wannan ba sai a fareti. Rana ɗaya aka ɗauke mu, rana ɗaya aka aske mu. Mai horar da mu ne ya laƙa masa Garwashi saboda jan idonsa, sunan ya bi shi. Mun ci a kwano ɗaya a arewa, inda ruwa ya fi harsashi tsada. Da zazzaɓi ya kayar da ni a hanya, shi ya ɗauki bindigata a kan tasa. Ranar aurensa ma ni na raba goro. Sau da yawa an ce masa ya je meri ya yi takarda, sai ya ce duk Dogarawa ta san matarsa.

Matar sunanta Rabi. Ta tsufa, ba ta da yawan magana. Jikoki ne a hannunta, ubansu ya tafi cirani shiru. Rumbunta bai cika ba. Fanshon nan shi ne tuwonsu. Na ce mata ta kwantar da hankali, ni ne shaida na ɗaya. Na biyu Baba Arzika ne, maƙwabcinsu tun suna yara. Ban zaunar da su mun yi magana ba kafin mu shiga. Na ga ba abin da za a tambaye ni a kan Garwashi in rasa amsa.

Alƙalin matashi ne, mai ladabi. Takardun sojan mamacin na gabansa. Bayan an rantsar da mu, ya fara da tsohon.

"Baba, mi ne sunan mijin wagga mata?"

"Nomau," in ji Baba Arzika. "Da damana anka haihe shi, ina wurin."

Alƙali ya dubi takarda. Ya juyo gare ni. Na miƙe, na haɗa ƙafa kamar ina gaban kapitan.

"Kaporal Garwashi, ranka shi daɗe."

"Sunansa na yanka nike tambaya, Sarjan. Da na mahaifinsa."

Na laluba kaina kaf. Na ga fuskarsa, na ga tabon da ke wuyansa, na ji irin tarin da yake yi da safe. Suna babu. Gaskiya ne ana kiran suna kullum a bariki, amma mai kiran yana kwararo su ne da bakin Faransanci, kowa kunnensa na kan nasa. Ranar ɗaurin aure ma na tabbata an faɗa, ni ina can baya ina faɗa da masu wawar goro. Shi kuma Baba Arzika ba laifinsa ba ne. Sunan kakansa aka sa wa yaron, don haka duk gidan ba mai kama shi, sai aka ɓoye da Nomau.

Da na yi shiru da ya fi. Sai na yi caca. Rabin rundunarmu Mahamadu ne.

"Mahamadu," na ce.

Wani ya yi dariya a baya. Alƙali ya ajiye alƙalami.

"Sarjan, ko ƙarƙashin bedi anka ɗauko ka?"

Wanda bai san wurin ba, akwai masu zama a inuwar itacen bedi kusa da kotu, su shaidi auren da ba su gani ba, a ba su na goro. Da su ya haɗa ni. Ni da lambobina na yabo a ƙirji, don na saka su ranar nan. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Ya juya ga Rabi, ya sassauta murya.

"Inna, ke fa? Wa ne mijinki?"

"Maigidana," ta ce, kanta a ƙasa.

"Sunansa."

"Baban Sa'a."

"Inna, mutum biyu sun ba ni suna uku, ba ko ɗaya cikin takarda. In ke ma ba ki sani ba, ba ni da abin da zan sa wa hannu."

Ta sani. Duk wanda ke ɗakin nan ya san ta sani, ni ma na sani. Mijinta ne na fari, na ƙuruciya. Mace irinta ba ta kama sunan mijinta, ko yana raye ko yana kabari, balle a gaban maza. Ta ja mayafi ta rufe baki. Alƙali ya fara haɗa takardu.

A nan na yi abin da ya kawo wannan labari. Na daka mata tsawa, irin wadda nake yi wa sababbin kurata.

"Ke! Buɗe baki ki hwaɗi! Mun taso tun Dogarawa don ki yi muna kunya?"

Ba don fanshonta na yi tsawar ba, kada in yi muku ƙarya. So nake ido ya bar kaina ya koma kanta. Matar da ta sha dafa mini tuwo a bariki, ta wanke mini kaki lokacin da ba ni da aure.

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ga alƙali, ta yi kamar za ta fara ta fasa. Sannan ta faɗa, da sunan mahaifin, can ƙasa-ƙasa, kamar mai cire ƙaya daga ƙafa. Tana gamawa ta rufe fuskarta duka.

Mai rubutun kotu ya ce bai ji ba, a maimaita. Alƙali ya ɗaga masa hannu.

"Ni na ji. Kada ki sake, Inna." Ya dubi mai rubutun. "Uwata har ta rasu ban ji sunan mahaifina a bakinta ba. Wadda anka ɗauko haya, tun daga ƙofa take rera shi."

Daga nan ya fitar da Baba Arzika waje, ya tambaye ni yadda aka yi bikin. Na ce ruwa ya sauko ana tsakiyar fatiha, aka kwashe tabarmi aka shige zaure, liman ya ƙarasa a tsaye. Aka shigo da tsohon, ya faɗi haka nan, har ya ƙara da cewa wani soja ya zame a taɓo da kwaryar goro. Ni ne sojan. Alƙali ya sa hannu. Da za mu fita ya kira ni.

"Sarjan, nan ba filin fareti ba ne."

Na sara masa. Ban iya duban idonsa ba.

Daga kotu zuwa tasha Rabi ko kallona ba ta yi ba. Na sayo mata ruwa, ta miƙa wa Baba Arzika. Ina ta juya yadda zan ba ta haƙuri, bakina bai saba ba. Sai da motar Dogarawa ta cika, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta waiwayo.

"Sarjan, yau ka ji shi. Ka riƙe. Ni ba ni ƙara hwaɗi."

Fanshon ya fito bayan wasu watanni. Ni na kai mata labari. Ta yi godiya daga bayan zana, ba ta fito ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mu soji muna cewa mun san juna fiye da 'yan uwa, kuma gaskiya ne. Mun san wanda ke minshari da wanda ke tsoron kunama. Amma bariki yana aske wa mutum suna kamar yadda yake aske masa kai, kuma ranar da ya mutu da sunan gida ake neman hakkin iyalinsa. Tun daga ranar, duk tsohon sojan da ya shigo buronmu sai na zaunar da shi ya faɗa mini sunansa na yanka da na ubansa, in maimaita har ya zauna, tunda ba na rubutu. In bai yi takardar aure ba, ba na barinsa ya tashi sai mun sa ranar zuwa meri, shi da matarsa, yana da ransa ya faɗi sunansa da bakinsa. Wasu suna zagina. Su zaga. Kuma kafin ku shiga da mace gaban alƙali, ku zauna da shaidunku ku ji abin da suka sani. Kada ku bari nauyin ya faɗo kanta.

Isiyaka ɗan Alhasan. Shi ne sunansa. Na riƙe.